Amaryar da Ruwa Ya Kai Gonar Alkama

Akwai wani abu da ya faru a gabana a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, wanda ba na jin zan manta da shi muddin ina numfashi. Sai dai tun da fari ina neman afuwa, don shekaru sun ja, ƙwaƙwalwa kuma ba ta cika riƙon amana ba. Ina jin a tamanin da huɗu ne, ko da yake yayana ya dage cewa da biyar ne, kuma ba zan yi musu da shi ba. Abin da na tabbatar shi ne lokacin ɗari ne, makarantu suna hutun ƙarshen shekara, alkama ta yi kore shar a gonakin rani. Ni kuwa na gama jami'a da bautar ƙasa, ina zaune a gida ina jiran aikin da bai faɗi ranar zuwansa ba.

Wanda ba ya zuwa gona a gidan manoma, shi ne ɗan aiken yara. Haka na zama ma'aikacin 'yar yayana, yarinya mai shekara tara ko kusa da haka, mai kaifin baki, wadda ba ta roƙo sai dai ta ba da umarni. A wannan hutun, abu ɗaya ne a ranta: za ta aurar da 'yar tsanarta.

'Yar tsanar nan kuwa ba irin waɗanda yara ke harhaɗawa da safe su yar da yamma ba ce. Mahaifiyata ce, wadda duk gidan muke kira Inna, ta yi mata ita. Idon Inna ya riga ya yi yana a lokacin, da lalube ta feƙe karan dawa, ta naɗe shi da auduga, ta yi mata kitso da baƙin zare, ta ɗaura mata zani daga gefen wata tsohuwar atamfarta, ta zuba mata tsakiya a ƙugu. Da ta gama sai ta ce, "Ungo. Daga wannan na rufe, hannuna ya daina gani shi ma." Kuma ba ta sake yin wata ba. Shi ya sa yarinyar take kwana da ita a cikin bargo, ta gwammace nata ƙafafun su sha sanyi.

Angon, shi ma ɗan tsana, na ƙawarta ne, 'yar ajinsu, daga wata unguwa ta Kiristoci da ke gaba da mu kaɗan in ka bi bakin ruwa. An tsayar da biki washegarin Kirsimeti, saboda a ranar akwai sauran shinkafa a gidajensu, makaɗin da suka ɗauko ma bai tafi ba. Ni, da yake Allah ya yi ni da tunanin abin da ba a tambaye ni ba, sai na sami Inna a bakin murhu na ce, "Inna, ba wai ina da ja ba ne, amma shi angon nan, an kuwa bincika wane addini yake bi?"

Ta juyo da fuskarta wajen da muryata take, ta ce, "Kai dai boko ya gama da kai. Shi da ita duk daga gona ɗaya aka yanko su. Matsa ka ba yara wuri su ji ɗumi."

Kwanakin da suka biyo baya a aikin kayan ɗaki suka ƙare. Da hantsi, in rana ta ɗan fito, yara mata su cika tsakar gidanmu. Murfin kwalba ya zama faranti, gwangwanin madara ya zama tukunya, kwalin ashana ya zama akwati. Ni aka ba aikin kafinta. Na ƙera gado na kara, na rushe, na sake ƙerawa, don na ga kamar ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. Har dangin ango suka aiko aka ce in yi wa ɗansu mota, na yi masa babbar mota ta kara mai taya na ɓawon lemo. Ba yabon kai ba, ta yi kyau, ko da yake wasu sun ce ta ɗan karkace.

Yanzu sai in bayyana wata al'ada, wadda ban san ko ana yin ta a wani wuri ba. Tun da aka haƙa kanal, wato babbar magudanar da ke kawo ruwan rani, 'yan matan wajenmu suka daina kai amaryar tsana a ka. A ƙwarya suke sa ta, su ɗora a kan ruwa, su bi ta gefe suna waƙa da guɗa har unguwar miji. Tun da na ji haka barci ya ƙaurace mini. Na gwada ƙwaryar a bahon wanki, na sa mata dutse, na cire dutse, na kaɗa ruwan da hannu don in ga iyakar abin da za ta iya ɗauka. A ƙarshe na huda bakinta na ɗaura mata igiya. Inna ta lalubo igiyar ta ce, "Wannan fa?" Na ce don tsaro ne. Ta ce, "Amarya ce ko tunkiya? Kwance." Na kwance.

Ranar biki, bayan hantsi, ƙawar ta zo da tawagarta ɗaukar amarya, duk sun sha sababbin kaya, leɓuna sun sha man kaɗanya saboda sanyi. Yayana ya ja ni gefe ya ce, "Kai ne babba. Ka kai su, ka dawo da su kafin magariba." Aka shimfiɗa ƙyalle a ƙwarya, aka zaunar da amarya, aka jera mata ƙawaye biyu na kara a gefe, aka ɗora a ruwa. Guɗa ta tashi.

Da farko komai lafiya. Ƙwarya tana tafe a hankali, yara suna tafi, mata masu wanki a bakin ruwa suna cewa Allah ya ba da zaman lafiya. Wani mai keke ma ya sauka ya cire hula har muka wuce. Abin da ba mu sani ba, ranar an ƙara ruwa saboda masu alkama. Muna wuce wata kwana sai ƙwarya ta fara sauri. Muka ɗaga ƙafa. Ta ƙara. Waƙa ta koma haki. Na tattare riga na sa gudu, takalmina ɗaya ya zauna a laka, ban tsaya masa ba. Ina ji ina gani ƙwaryar ta isa inda wata ƙaramar hanyar ruwa ta ɓalle zuwa gonaki, ta yi juyi ɗaya kamar mai shawara, ta shige can. Mu kuma muna ɗaya gefen, sai da muka yi zagaye ta wata gada kafin mu tsallaka.

Da muka isa ƙarshen wannan hanyar ruwan, sai muka tarar da wani dattijo zaune a kan kunya a bakin gonar alkamarsa, ƙwaryarmu a kan cinyarsa. Na san shi, kowa ma ya san shi. Shi kaɗai yake zaune a wani gida a bayan gonar. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse kudu neman abinci, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi gardama da shi ya ci ba.

Na ce, "Salamu alaikum, Baba. Sannu da aiki."

Ya ce, "Yawwa, ɗan boko. Ina ɗaya takalmin? Zo ka ga baƙin da Allah ya kawo mini."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na miƙa hannu. Ya janye ƙwaryar.

A nan ma sai na yi wani bayani. Farkon zuwan ruwan rani, an sha faɗa a kan kifin da ruwa ke korowa cikin gonaki, har da fasa kai. Sai dattawa suka yanke cewa duk abin da ruwa ya kawo gonarka a ranar da kake ban-ruwa, naka ne, ba mai tambayarka. Da wannan ƙa'ida dattijon nan ya taɓa mallakar hular wani, da buta, da agwagwa mai rai wadda mai ita yana tsaye yana kallo.

Ya ce, "Kai ka yi karatu, ba za ka yi ƙarya a gaban yara ba. Yau ranar ruwana ce ko kuwa?"

"Ga alama ita ce, Baba."

"Ruwa ne ya kawo ta ko ni na je na ɗauko?"

Na ce, "To, in aka bi zahirin ƙa'idar, ba tare da an duba abin da waɗanda suka kafa ta suke nufi ba, wanda kuma mai yiwuwa kifi kawai suke nufi, ko da yake ban kasance a wurin ba..."

"Tawa ce ko ba tawa ba ce?"

"Ana iya cewa taka ce."

"Baffa!" in ji 'yar yayana. Kalma ɗaya ta faɗa, amma har yau in na tuna yadda ta dube ni sai in ji kunya ta rufe ni. Ta fashe da kuka, sauran yara suka taya ta.

Na shiga ba da baki. Na ce ya riƙe ƙwaryar da ƙawayen amarya biyu. Ya ce ƙwarya yana da ita har ta yi masa yawa. Na ce zan ƙera masa wata 'yar tsanar da hannuna. Ya dubi amaryar, ya dube ni, ya ce, "Irin wannan kitson? Kai?" Na ce masa aikin Inna ne, kuma ba za ta iya sake wani ba. Ya ce, "Ashe 'yar gidan mutunci ce. To ai ta faɗo hannu nagari. Ina za ku kai ta haka a cikin sanyin nan?"

Ƙawar ta share hawaye ta ce gidan miji.

"Miji? Wa ya ba shi? Ni dai ba a zo wajena ba. Tun da ruwa ya kawo ta, ni ne ubanta. A kawo mini yaron in gan shi."

Na ɗauka wasa yake. Sai na ga ya gyara zama ya ɗauko goro. Dole aka tura ƙawar da gudu. Kafin ta dawo, manoman da ke kusa sun bar ban-ruwansu sun taru, kowa da fartanya a kafaɗa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wanda ya ce wannan shirme ne. Wani ma cewa ya yi, "Gaskiyar Baba ce, ba a aure a kan ruwa kamar kifi."

Can sai ga mahaifin ƙawar a kan keke, cikin babbar rigarsa ta Kirsimeti, 'yarsa a baya, ango a aljihun gaba ya leƙo da kai, motar kara ɗaure a kariyar keken. Na yi ajiyar zuciya, na ce ga babba ya zo, yanzu za a kashe maganar. Mutumin nan ya jingine keke, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Baba, mun yi kuskure, mun shigo ta bayan gida. Ga ɗanmu mun kawo, muna neman iri." Ya fito da ango ya tsayar da shi a kan kunya, ya tallafe shi da yatsa don kada iska ta kayar da shi.

Dattijo ya ƙare masa kallo sama da ƙasa. "Ba ya gaisuwa?"

"Kunya ce, Baba. Gaban suruki."

"Mene ne sana'arsa? Yana da gona?"

"Direba ne. Ga motarsa can."

Dattijo ya juyo gare ni. "Ɗan boko, kai ne ba ka ƙarya. Motar tasa ce?"

Na ce, "Iyakar sanina tasa ce, don ni na ƙera ta."

"Tana tafiya?"

Na so in ce e kawai. Wallahi na so. Amma bakina ya ce, "Tana tafiya in an ja ta da zare."

"To ai duk motocin Garun Malam haka suke, sai an tura," in ji wani daga cikin manoman. Wuri ya kaure da dariya.

Dattijo ya ce, "Shi direban ya taɓa fita aiki da ita?"

"Gaskiya tukuna. Yana dai jira."

"Kamar kai ke nan," in ji dattijo. Aka sake kwashewa da dariya, wannan karon har da yaran da ke kuka.

Na ɗauka da an yi dariya an gama. Rana ta karkata, ina ta tunanin yayana da magariba, mahaifin ƙawar yana raɗa mini cewa shinkafa ta huce, makaɗi kuma ya ce daga la'asar zai kama hanyar Madobi. Sai dattijo ya tofar da tuƙar goro ya ce, "Na ga yaro, ba shi da laifi. Amma ba zan ba da ita bana ba. Yaushe ta zo gidan nawa? Ko tuwona ba ta ci ba. Ku dawo baɗi."

Kowa ya ji muryarsa ta sauya. Na dube shi da kyau. Ya sa babban yatsansa mai faso yana gyara wa 'yar tsanar ɗankwali, ya kuma kare ta daga iska da hannun rigarsa. Ban ce na san abin da ke zuciyarsa ba, Allah kaɗai ya sani. Amma a ganina, tun daga nan ya daina wasa, kuma da gaske zai shige gida da ita ya ja ƙyaure. 

Sai 'yar yayana ta goge fuska da gefen mayafinta, ta matsa gabansa, ta durƙusa yadda take ganin manyan mata suna yi. Ta ce, "Baba, na yarda 'yarka ce. Ka riƙe ta. Ba ta son sanyi, a cikin bargo take kwana."

Ya ce, "Madalla da yarinya mai hankali."

Ta ce, "Sai dai mutane sun taru a can tun safe. In suka ji an fasa, cewa za su yi uban amarya ne ba shi da kayan ɗaki."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijo ya ɗago kai a hankali. "Wa ya ce?"

"Ba wanda ya ce tukuna."

Ya dubi manoman ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai, wani yana ta tari don ya danne dariya. Sai ya miƙe zumbur, ƙwarya a hannu, ya ce, "Ni? Ni ne ba ni da kayan ɗaki? Ni da na aurar da 'ya'ya mata har garin nan ya yi mako yana zancen gararsu? Ɗan boko, kamo mini jakin can!"

Ban taɓa kama jaki ba a rayuwata, kuma ba zan ba da labarin yadda aka yi ba. Ya shiga gida ya daɗe, muna jin ƙarar kwanuka. Da ya fito, sai ga shi da tasoshi da fanteka na marigayiya matarsa, ya goge su suna ƙyalli, da tabarma sabuwa, da ludayi. Ya sa aka ciko kwando da tumatir daga gonarsa, aka saro rake, aka ɗaure wani jan zakara ta ƙafa aka rataya. Ko ƙaramar tasar ciki, amarya da ango da motarsu za su kwana a cikinta su bar wuri. Na so in faɗi haka, mahaifin ƙawar ya taka mini ƙafa, wadda ba takalmin.

Haka muka shiga unguwar ango. Dattijo a gaba ya sa rigarsa ta Juma'a, amarya a tafin hannunsa, jaki a baya zakara yana ta ihu, sai mai keke da ango a aljihu, sai yara suna guɗa, sai manoma da fartanyoyinsu, sai ni ina ɗingishi. Makaɗi ya riga ya rataya gangarsa zai tafi, da ya hango mu sai ya sauke. Matan unguwar suka fito, aka ɗumama shinkafa, aka shimfiɗa wa uban amarya tabarma a inda rana take. Ya sa aka tsayar da ango a gabansa ya yi masa nasiha mai tsawo, kada ya yi gudu da mota, kada ya bar ta da yunwa. Ya ci shinkafa har ya nemi ƙari. Wata tsohuwa ta ja shi rawa, ya ce shi bai iya ba, sannan ya tashi ya yi.

Da za a watse, ya kira 'yar yayana, ya ɗora mata 'yar tsanar a hannu biyu. Ya ce, "Amana na ba ki, ba kyauta ba. Duk hutun sanyi a kawo mini ita ganin gida." Ta ce to. Kuma ta cika. Kowace shekara sai ta yi mata sabon zani, in raka su, da ƙafa, mu same shi ya share tsakar gida ya dafa dankali yana jira. Ko bayan na sami aiki a birni nakan dawo don wannan, har shekarar da muka je muka tarar da ƙyauren a rufe.

Abin da na koya, in har na fahimce shi daidai, shi ne ba duk wanda ya ƙwace maka abu ne yake son abin ba. Wani so yake a zo gidansa, a durƙusa, a ba shi matsayi a cikin sha'ani. Ni na tsaya ina auna ƙa'ida, ina tsoron kada in faɗi abin da ba daidai ba, yarinya kuwa ta dubi mutumin. Ban ce gaskiyar da na faɗa laifi ce ba, amma ita kaɗai da ba ta dawo mana da amarya ba.

Yaran da suka yi wannan rakiya yanzu duk iyaye ne, wasu ma da jikoki, kuma na san akwai manoman da ke raye. Duk wanda ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya aiko mini da gyara, ba zan ji haushi ba. Musamman ina son a warware mini abu ɗaya da ya daɗe yana damuna: da muka tafi biki gaba ɗayanmu, wa ya tsaya ya toshe ruwan da ke shiga gonar Baba?